Kilo 7 a hannu: yadda matafiyi zai shiga jirgi da ƴar jakarsa ba tare da rigima ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa layin awon kaya a filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai, ko na Kwatano, ko na Lome, ya san wani abin kallo da ba ya ƙarewa. Mutum zai iso cikin shiga ta alfarma, ya miƙa fasfo da tikiti, sai ma'aikaciya ta ce ya ɗora jakar hannunsa a kan sikeli. Sikeli ya nuna kilo 13. Nan take za ka ga babban mutum ya durƙusa a tsakiyar jama'a yana zuge jaka, yana fitar da takalma da ƙullin yaji da kwalbar zuma, yana waige-waige ko ɗan rakiyarsa bai riga ya tafi ba. Na bayansa suna tsaki, lokaci yana tafiya. Idan ka tambaya kuma, sai ka tarar tafiyar duka ta kwana uku ce: taro a Wagadugu, ko ganin likita a Tunis, ko ɗaurin aure a Abijan.

Ga irin wannan gajeriyar tafiya, babu abin da ya kai mutum ya riƙe ƴar jaka guda a hannu, kada ya ba da komai a loda masa a ɗakin kaya na ƙarƙashin jirgi. Dalilin a fili yake. Tun da kamfanin Air Afrique, wanda Nijar tana cikin ƙasashe 11 da suka kafa shi a shekarar 1961, ya durƙushe a 2002, tafiya tsakanin biranen Afirka ta Yamma ta koma ta sauka-da-canji. Mai zuwa wuri kaɗan sai ya ratsa ta Lome, inda kamfanin ASKY yake da cibiyarsa tun da ya fara aiki a 2010, ko ta Abijan, ko Kasablanka, ko Adis Ababa. A wurin canjin jirgi ne kuwa akwati ya fi yin ɓatan kai. Wanda ya je taron kwana biyu, akwatinsa ya iso a rana ta uku, to da shi da wanda bai ɗauko komai ba duk ɗaya ne. Ko da akwatin ya ɓace ɗungurungum, yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta yanka iyakar diyyar da kamfani zai biya, wadda tun ƙarshen shekarar 2024 take wajen dalar Amurka 2,000, komai tsadar abin da ke ciki.

To amma jakar hannu tana da dokokinta, kuma kowane kamfani da irin nasa. Ethiopian Airlines yana bai wa mai ƙaramin tikiti kilo 7. Turkish Airlines yana ba da kilo 8, da girman da bai wuce santimita 55 a tsawo, 40 a faɗi, 23 a kauri ba. Royal Air Maroc kilo 10 ne. Air France, wanda ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agusta na 2023, yana ba da kilo 12, amma a haɗe da ƴar ƙaramar jakar da ake tura wa ƙarƙashin kujera. A wajen awon girma, ana haɗawa da tayoyi da mariƙi, abin da mutane da dama suke mantawa da shi har sai an ce su zura jakar cikin kejin ƙarfen nan na gwaji ta ƙi shiga. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta taɓa yunƙurin fito da awo guda a watan Yuni na 2015, wato 55 da 35 da 20, amma cikin ƴan kwanaki surutu ya yi yawa, musamman daga Amurka, sai aka jingine batun. Saboda haka abin da ke rubuce a jikin tikitinka shi ne doka, kuma idan tafiyar ta haɗa kamfani biyu, sai ka yi shiri da awon wanda ya fi tsanani.

Ƴan'uwanmu da ke zaune a Turai kuma suna fama da wani salon na daban. Kamfanonin tikiti mai arha irin su Ryanair ba sa ba da kyautar komai sai ƴar jakar da za ta shiga ƙarƙashin kujera, wadda tun 2025 awonta yake 40 da 30 da 20. Wanda aka kama a ƙofar shiga jirgi da wadda ta fi haka, wani lokaci tarar da zai biya ta fi kuɗin tikitin kansa. Gwamnatin Sifen ta ci tarar kamfanoni biyar kuɗi Yuro miliyan 179 a watan Nuwamba na 2024 a kan irin waɗannan caje-caje, kamfanonin kuma suka garzaya kotu.

Me ya sa ake takurawa?

Mutane da yawa sun ɗauka awon nan dabara ce kawai ta tatsar kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman a wajen kamfanonin da muka ambata yanzu. Sai dai nauyi a cikin jirgi ba abin wasa ba ne, kuma mutanen wannan yanki sun ga misali da idonsu. Ranar 25 ga Disamba 2003, wani jirgi ƙirar Boeing 727 na kamfanin UTA na ƙasar Gini ya taso daga Konakiri, ya yada zango a Kwatano a kan hanyarsa ta zuwa Beirut. Da ya zo tashi sai ya kasa ɗagawa yadda ya kamata, ya bugi wani gini a ƙarshen titin jirgi, ya faɗa bakin teku. Kusan mutum 140 suka rasu, mafi yawansu Labanawa masu komawa gida hutu. Binciken da aka yi ya gano an yi wa jirgin lodi fiye da kima, kuma matuƙan ba su san ainihin nauyin da suke ɗauke da shi ba, balle yadda aka rarraba shi. Matuƙi yana lissafin gudun da zai tashi da shi ne bisa nauyin da aka rubuta masa. Idan fasinja 150 kowa ya ɓoye kilo 5, an sami kilo 750 ke nan da babu su a takarda.

A ƙasa irin tamu akwai ƙarin dalili. Iska mai zafi ba ta da kauri, fikafikan jirgi ba sa samun abin dogara sosai a cikinta, injin ma ƙarfinsa yana raguwa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40, jirgin da zai tashi da tsakar rana ba ya iya ɗaukar nauyin da zai ɗauka da asuba. Ƙananan jirage masu farfela da ke zirga-zirgar cikin gida zuwa Damagaram ko Agadas kuwa, ma'ajiyar da ke saman kujerunsu ƙarama ce, jakar da ta shiga a babban jirgi ba lalle ta shiga a nan ba.

Yanzu bari mu yi lissafin kilo 7 ɗin. Akwati mai taya, ko babu komai a cikinsa, yakan kai kilo 2 da rabi zuwa 3. Kwamfutar tafi-da-gidanka da cajarta su ma wajen kilo 2 ne. Ka ga saura kilo 2 ko 2 da rabi, kuma ba a sa ko singileti ba. Wannan ne ya sa matafiyan da suka saba suke barin akwati mai taya a gida, su ɗauki jakar yadi ko ta goyo wadda ba ta kai kilo ɗaya ba. Ba ta da kwarjini kamar akwati, gaskiya ne, amma kilo 2 ɗin da ta rage maka kaya ne na kwana biyu. Idan kamfanin ya yarda da ƴar ƙaramar jaka ta biyu, sai kwamfuta da takardu su koma can.

Babbar matsalar Bahaushe a nan ita ce shadda. Babbar riga da ƴar ciki da wando na gezna mai aiki, idan aka ɗora su a sikeli, suna cin kaso mai tsoka na abin da aka ba ka, ga shi kuma ba sa son matsi. Maganin abin shi ne a sa su a jiki ranar tafiya, domin har yanzu babu kamfanin da yake auna abin da fasinja yake sanye da shi. Haka takalmin da ya fi nauyi, shi ma a ƙafa ya kamata ya yi tafiyar, silifas ya shiga jaka. Sanyin cikin jirgi ma yakan sa mutum ya gode wa babbar rigar. A cikin jaka kuma, kaftani biyu marasa nauyi waɗanda wando ɗaya zai shiga da su sun isa kwana uku ko huɗu. Ƙananan kaya a naɗe su kamar tabarma, su cike lunguna. Hula a cusa mata safa a ciki don kada ta lotse. Ga mata, lafaya da atamfa sun fi leshi mai duwatsu sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba, mayafi ɗaya da zai dace da kaya biyu kuma ya fi uku da kowanne sai nasa. Akwai dardumar salla ta aljihu mai laushi da ba ta fi hankici nauyi ba. Buta ta roba, matuƙar babu ruwa a ciki, babu mai hana ta wucewa. Su kuma ƴan shayi da ba sa iya rabuwa da ƴar butarsu da kofuna, to su san cewa gawayi ba ya shiga jirgi.

Abin da ya fi cika jaka shi ne kayan "ko da za a buƙata". Tawul, sabulu, dutsen guga, takalmi na uku: yawancinsu akwai su a masauki, ko a shagon da ke bakin titi. Wagadugu da Abijan ba daji ba ne. Kafin a bar gida kuma a auna jakar, ko da a sikelin mai shago ne, ko irin ɗan ƙaramin nan mai ƙugiya da ake ratayawa.

Ruwa-ruwa, wuƙa da batir

Dokar da ta fi cinye wa mutanenmu kaya ita ce ta ruwa-ruwa. Asalinta daga watan Agusta na 2006 ne, lokacin da ƴan sandan Ingila suka bankaɗo wani shiri na tarwatsa jiragen da ke zuwa Amurka da Kanada ta hanyar sinadaran da za a zuba a kwalaben lemo. Daga watan Nuwamba na wannan shekara ƙasashen Tarayyar Turai suka kafa ƙa'idar da ta bazu a duniya: kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, kuma duka su shiga leda guda mai haske wadda ba ta fi lita ɗaya ba. Girman kwalbar ake dubawa. Kwalbar turare ta mililita 200 da ta rage kaɗan a gindi, ita ma karɓewa za a yi.

Inda ake samun saɓani shi ne abin da jami'an tsaro suke kira ruwa-ruwa. A wurinsu duk abin da za a iya zubawa, ko shafawa, ko fesawa yana ciki. Ke nan zuma, man shanu, man kaɗe, tigadege, man goge baki, humra, lalle da aka riga aka kwaɓa, duk dokar ta hau kansu. Kwalbar humrar da aka haɗa da tsada domin amarya, idan ta wuce awo, a kwandon shara na filin jirgi za ta kwana, kuma babu roƙon da zai fito da ita. Abin da aka ɗaga wa ƙafa shi ne abincin jariri da magani irin su insulin, shi ma an fi so a nuna takardar likita. Turaren da aka saya a shagunan cikin filin jirgi bayan an wuce bincike yana wucewa, amma a bar shi cikin ledarsa da aka liƙe, da rasit a ciki, har a isa. Wasu filayen da suka sa sababbin na'urorin bincike, kamar Edinbara da Birmingham a 2025, sun sassauta dokar har zuwa lita 2. Kada wannan ya ruɗi kowa, domin filin da za ka dawo ta cikinsa ko ka canja jirgi yana iya kasancewa a kan tsohuwar ƙa'ida.

Busassun kaya irin su goro, dabino, yaji da kuka ba su da matsala wajen binciken tsaro. Matsalarsu tana wajen jami'an duwan na ƙasar da za a sauka. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga ƙasashen waje, don haka kilishi da cuku, duk daɗinsu, tsarabar da za a iya ƙwacewa ce a Faris ko Burussel, wani lokaci har da tara. Magani kuma a bar shi cikin kwalinsa na asali. Ƙwayoyi irin su tramadol da kodin, ƙasashe kamar Saudiyya da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba sa wasa da su ko kaɗan.

Wuƙa, aska, reza da manyan almakashi sun daina shiga jakar hannu tun bayan harin 11 ga Satumba 2001. Baƙin da suke sayen wuƙaƙen ado na maƙeran Agadas sukan gane haka a makare.

Batir kuma dokarsa a juye take: shi a hannu ake son sa, an hana sa shi cikin kayan lodi. Batirin litiyom, irin na waya da kwamfuta da abin ajiyar cajin nan da ake kira fawa banki, idan ya lalace yakan yi zafi ya kama da wuta. A cikin fasinjoji ma'aikata za su gani su kashe, a ƙarƙashin jirgi kuwa babu mai gani. Iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce awon Wh 100, wanda ya yi daidai da wajen mAh 27,000, don haka mai 20,000 da ya cika kasuwanninmu yana wucewa, muddin rubutun da ke jikinsa bai goge ba. An ƙara tsanantawa bayan gobarar da ta cinye wani jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu ranar 28 ga Janairu 2025, kafin ya tashi. Daga watan Oktoba na 2025 kamfanin Emirates ya hana amfani da fawa banki a cikin jirgi. Ƴan kasuwarmu masu zuwa Sin kuma su lura, tun ƙarshen watan Yuni na 2025 ana karɓe duk wanda ba shi da tambarin CCC a jiragen cikin gida na ƙasar.

Saƙo

Duk wannan lissafi mai sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da ke faruwa a daren tafiya. Da zarar an ji wane zai hau jirgi, sai gida ya cika. Gwaggo ta kawo ƙullin daddawa a kai wa ɗanta da ke karatu, maƙwabci ya kawo ambulan, abokin aiki ya kawo kwali da aka naɗe da salatif ya ce "ɗan magani ne kawai, wani zai zo ya karɓa". A al'adarmu ƙin karɓar saƙo abin kunya ne, ana iya shekara ana yi wa mutum gorin sa. Ta haka jakar da aka auna kilo 6 da yamma take wayar gari da kilo 11.

Nauyin ma shi ne ƙaramin abu a ciki. Tambayar nan da ake yi a filin jirgi, "kai ka shirya kayanka da kanka, akwai wanda ya ba ka wani abu ka kai?", tana da tarihi. A watan Afrilu na 1986, a filin jirgin Heathrow na Landan, jami'an kamfanin El Al suka gano bam a ƙasan jakar hannun wata mata ƴar ƙasar Ailan mai juna biyu. Saurayinta Nezar Hindawi ne ya ba ta jakar, ita kuwa ba ta san komai ba. Kotu ta yanke masa shekara 45. Mu a nan ba ma buƙatar a ba mu labarin abin da akwati guda yake iya yi: ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin UTA na Faransa mai lamba 772, wanda ya taso daga Barazabil ya biya ta Njamena, ya tarwatse a sararin Tenere, mutum 170 suka hallaka, bincike kuma ya nuna bam ɗin yana cikin wani akwati da aka loda a Barazabil. Abin tunawa da iyalan mamatan suka gina da baƙaƙen duwatsu a 2007 yana nan a cikin hamada.

A yau abin da ya fi yawa shi ne ƙwaya. A gida muna cewa ɗan aike ba shi da laifi, amma dokar filin jirgi ba ta san wannan magana ba: abin da aka samu a jakarka naka ne, har sai ka tabbatar da akasin haka, kuma a ƙasar da ba ka jin harshenta. A ƙarshen shekarar 2018 hukumomin Saudiyya suka tsare wata ɗaliba da ta je Umra daga Kano, bayan an sami tramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Daga baya binciken hukumar NDLEA ta Najeriya ya nuna wasu ma'aikata ne a filin jirgin Malam Aminu Kano suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Sai a ƙarshen watan Afrilu na 2019 aka sake ta, bayan wata huɗu a tsare, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya yake kaiwa ga kisa. Wanda tikitinsa ya nuna bai ba da kayan lodi ko ɗaya ba, ya fi samun bakin kare kansa a irin wannan hali. Shi ya sa yana da kyau mutum ya duba takardar shiga jirgi da aka ba shi, ya tabbatar ba a manna masa rasit na kayan da bai bayar ba.

A ganinmu, dokar kilo 7 ta zo wa mai kunya da mafita. Maimakon ka ce wa gwaggo ba za ka kai ba, sai ka ce: "Gwaggo, ki yi haƙuri, kilo 7 kaɗai suka ba ni, ga sikeli ki gani." Babu wanda zai yi fushi da kai a kan dokar da ba kai ka kafa ba. Idan kuma saƙon na dole ne, to a buɗe shi a gabanka, ka ga abin da ke ciki da idonka, ka shirya shi da hannunka. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Wanda ya ce kada a buɗe, ko baƙon da ya tare ka a harabar filin jirgi yana roƙon ka riƙe masa ƴar leda saboda kayansa sun yi yawa, ka ba shi haƙuri ka wuce.

Saura abu biyu da suka shafi cikin jirgin kansa. Idan jirgi ya cika, ma'aikata sukan karɓi jakunkunan waɗanda suka zo ƙarshe a bakin ƙofa su tura su ƙasa, ko da ba su wuce awo ba. Saboda haka fasfo, katin rigakafin shawara, kuɗi, magani, waya, kwamfuta da fawa banki su kasance a wuri guda da za a iya zare su cikin daƙiƙa kaɗan, ko a aljihu, ko a ƴar jakar rataye. Na biyu, idan Allah ya kawo tsautsayi aka ce a fita da gaggawa, jaka a bar ta inda take. Ana gwada jirage ne a kan kowa ya fita cikin daƙiƙa 90. A Mosko, ranar 5 ga Mayu 2019, an ga hotunan fasinjoji suna fitowa da jakunkuna daga jirgin Aeroflot da ke ci da wuta, inda mutum 41 suka rasu. A filin Haneda na Tokiyo kuwa, ranar 2 ga Janairu 2024, jirgin Japan Airlines ya ƙone ƙurmus bayan ya yi karo da wani ƙaramin jirgi, amma duk mutum 379 da ke cikinsa suka fita da ransu, kuma ma'aikatan jirgin sun hana kowa tsayawa ɗaukar kaya.